JANAR CUSTER DA LIBBIE: Matar da ta shekara 57 tana gadin sunan mijinta

Duk wanda ya yi zamanin shiga silima a Kano ko Kaduna ko Jos, lokacin da finafinan kaboyi suke tashe, ba zai rasa tuna irin wannan fitowar ba: sojojin doki 'yan ƙalilan sanye da shuɗin kaki a kan wani tudu, mutanen da muke kira Indiyawan daji sun yi musu zobe, kibau na ta zuba, ga jarumin nan tsaye da dogon gashi da takobi a hannu, shi ne na ƙarshen faɗuwa. 'Yan kallo kuwa sai tafi da fito, ana ta tsine wa masu gashin tsuntsu a ka.

Mai karatu, wannan fitowar tana da asali. An gina ta ne a kan wani hafsan sojan doki na Amurka mai suna George Armstrong Custer, wanda aka kashe tare da mutanensa a ranar 25 ga Yuni, 1876. A ƙa'idar soja, kwamandan da ya kai mutum sama da 200 inda ko ɗaya bai dawo ba, bincike da zargi ne ya kamata su biyo bayansa. Shi kuwa Custer sai ya zama gwarzon ƙasa, yara suna karanta shi a makaranta. Wadda ta fi kowa hannu a wannan aiki ita ce matarsa, Elizabeth Bacon, wadda aka fi sani da Libbie.

ƊAN MAƘERI DA 'YAR ALƘALI

An haifi Custer a ranar 5 ga Disamba, 1839, a wani ƙauye mai suna New Rumley a Jihar Ohio. Mahaifinsa Emanuel maƙeri ne kuma manomi. A gida Autie ake ce masa, saboda haka bakinsa ya iya furta sunansa na tsakiya yana ƙarami. Wani ɓangare na ƙuruciyarsa ya yi shi ne a garin Monroe na Jihar Michigan, a hannun yayarsa Lydia, wadda suke uwa ɗaya.

Ya samu shiga makarantar horon hafsoshi ta West Point, amma fa ba a san shi da karatu ba, sai tsokana da karya doka. Da aka yaye su a 1861, su 34 ne a ajin, shi ne na 34. Da a lokacin zaman lafiya ne, da wuya a sake jin ɗuriyarsa. Sai aka yi dace, ko rashin dace, a shekarar ce Yaƙin Basasar Amurka ya ɓarke tsakanin Arewa da jihohin Kudu masu riƙe da bayi, ana neman hafsoshi ruwa a jallo.

Ita kuwa Libbie an haife ta a ranar 8 ga Afrilu, 1842, a nan Monroe. Mahaifinta Daniel Bacon alƙali ne mai faɗa a ji a garin. Duk 'yan'uwanta sun rasu suna ƙanana, mahaifiyarta ma ta rasu tana da shekara 12, saboda haka ita kaɗai ta rage wa alƙali, ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Ta gama makarantar 'yanmata a 1862, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ka ji haɗi: na ƙarshen aji da ta farkon aji.

Sun haɗu a wajen wata liyafa a ƙarshen 1862. Alƙali ya ce sam bai san zancen ba. Na farko, yaron ɗan talakawa ne. Na biyu, an ce alƙalin ya taɓa ganinsa da idonsa yana tangaɗi a titi, ya sha ya yi tatul. Bayan wannan abin kunyar ne Custer ya yi wa yayarsa alƙawarin ya bar giya, kuma masu tarihi sun yarda ya cika alƙawarin har ya mutu. Caca da zagi ne dai suka gagare shi bari.

Abin da ya sauya ra'ayin alƙali shi ne muƙami. A ƙarshen Yunin 1863 aka ɗaga Custer zuwa birgediya janar yana ɗan shekara 23 kacal. Kwanaki kaɗan bayan haka, a yaƙin Gettysburg, ya ja mahayan Michigan suka tare sojan dokin Kudu na Janar Stuart. Salonsa ɗaya ne: ya sa jan ƙyalle a wuya don kowa ya gane shi, ya shige gaba, ya ce a biyo shi. An harbe dawaki da dama a ƙarƙashinsa, shi kuma yana tashi ya karkaɗe jiki, har sa'arsa ta zama abin misali a rundunar. Jaridu suka yi ta buga hotonsa. Ranar 9 ga Fabrairu, 1864 aka ɗaura musu aure a Monroe.

MATAR SOJA

Libbie ba ta yarda ta zauna gidan uba tana jiran wasiƙa ba. Duk inda aka bari mace ta je, tana biye da shi, ta kwana a tanti, ta kwana a keken doki. In an hana ta zuwa bakin daga, sai ta zauna a Washinton tana shiga cikin manya, tana gaisawa da 'yan majalisa waɗanda ƙarin girman mijinta yake hannunsu. Tun a lokacin ta gane cewa sunan soja yana buƙatar mai kula da shi a gida kamar yadda dokinsa yake buƙatar mai ba shi ciyawa.

Da rundunar Janar Lee ta Kudu ta miƙa wuya a Appomattox ranar 9 ga Afrilu, 1865, maigidan Custer a soja, Janar Sheridan, ya sayi ɗan teburin da aka rubuta sharuɗɗan saranda a kai, ya aika wa Libbie kyauta tare da takardar yabon mijinta. Teburin yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton.

Yaƙi na ƙarewa sai aka rage sojoji, muƙaman lokacin yaƙi suka zube. Mutumin da ya kai manjo janar yana da shekara 25 ya tsinci kansa a 1866 yana laftanar kanal a Runduna ta 7 ta sojan doki, can yammacin ƙasar. Janar ɗin da aka ci gaba da kiransa na girmamawa ne kawai. Aikin da aka ba su shi ne su tura 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun Cheyenne da Lakota da Arapaho da sauransu, zuwa keɓaɓɓun wuraren da gwamnati ta ware musu, don a samu hanyar jirgin ƙasa da filin noma ga Turawa masu kwarara yamma.

A 1867 soyayya ta ja masa. Ana cikin aiki, ga cutar kwalara tana yawo a barikoki, sai ya bar rundunarsa ya yi sukuwar kusan mil 150, ya gajiyar da mutane da dawaki, sannan ya hau jirgin ƙasa zuwa barikin Fort Riley don ya ga matarsa. Kotun soja ta same shi da laifin barin aiki ba izini, da kuma ba da umurnin a harbi sojojin da suka tsere ba tare da shari'a ba. Aka dakatar da shi shekara guda ba albashi. A wajen Libbie, ranar da ya iso ɗin nan tana cikin ranakun da ta fi so a rayuwarta, haka ta nuna a littafinta. Na ƙasa da shi kuwa sun riƙe abin a zuci.

Wa'adin bai cika ba Sheridan ya sa aka dawo da shi. Da asubahin 27 ga Nuwamba, 1868, cikin dusar ƙanƙara, Custer ya afka wa ƙauyen wani sarkin Cheyenne mai suna Black Kettle a bakin kogin Washita, mutane suna barci. Black Kettle yana cikin sarakunan da suka fi neman sulhu da gwamnati. An kashe shi da matarsa suna ƙoƙarin haye kogi, an kashe mata da yara tare da mayaƙa, an kama mata da yara 53, an harbe ɗaruruwan dawakinsu. A wannan rana kuma Custer ya janye bai gano inda Manjo Elliott da 'yan rakiyarsa suka shiga ba, daga baya aka tsinci gawarwakinsu. Wani kyaftin mai suna Frederick Benteen bai taɓa yafe masa wannan ba.

Akwai kuma maganar wata budurwa cikin kamammun, Monahsetah. Tarihin baka na Cheyenne ya ce Custer ya ajiye ta a tantinsa a wannan hunturu, Benteen ma ya faɗi haka a wasiƙunsa. Shi da Libbie dai Allah bai ba su haihuwa ba.

RUNDUNA KO GIDAN GANDU?

Abin da ya sa mutuwar Custer ta zama masifar gida guda shi ne yadda ya tara danginsa a inda yake. Ƙanensa Tom, wanda ya samu lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka har sau biyu a Yaƙin Basasa, kyaftin ne a rundunar. Ƙanwarsu Margaret ta auri Laftanar James Calhoun, shi ma yana ciki. Ƙaramin ƙanensu Boston an sama masa aikin farar hula a rundunar. A barikin Fort Abraham Lincoln da ke yankin Dakota, gidan Janar shi ne majalisa: kiɗan piyano, wasan karta, farauta da karnuka. Hafsoshi suka kasu biyu, 'yan gaban goshi da waɗanda ke waje suna cizon yatsa.

A 1868 gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie, wadda ta bar wa Lakota tsaunukan Black Hills, wurin da suke ɗauka da tsarki. A 1874 aka tura Custer ya leƙa tsaunukan, ya aiko da labarin akwai zinare. Kafin ka ce kwabo masu haƙa sun cika wurin. Gwamnati ta nemi saye, masu ƙasa suka ce ba ta sayarwa ba ce. Sai aka ba su wa'adi zuwa ƙarshen Janairun 1876 kowa ya koma inda aka keɓe masa, wanda ya ƙi a ɗauke shi abokin gaba.

Saura ƙiris a tafi yaƙin ba da Custer ba. A farkon 1876 ya ba da shaida gaban majalisa kan cuwa-cuwar kantunan barikoki, har ya ambaci ɗan'uwan Shugaba Grant. Shugaban ya fusata ya ce a cire shi. Da kyar da roƙo aka bar shi ya tafi a ƙarƙashin Janar Terry. Wato ya fita ne a matsayin mutumin da ke neman nasarar da za ta wanke shi.

Ranar 17 ga Mayu suka bar bariki. Har da ɗan yayarsa Lydia, saurayi ɗan shekara 18 da ake kira Autie Reed, wanda ya biyo kawunsa don buɗe ido. Libbie da Margaret suka raka su zangon farko, suka kwana, washegari suka juyo.

RANAR 25 GA YUNI

A bakin kogin Little Bighorn, cikin Jihar Montana ta yau, Lakota da Cheyenne sun yi wani taro da ba a saba ganin irinsa ba, mutum dubbai, mayaƙa tsakanin 1,500 da 2,000 a ƙiyasin mafi yawan masana, ƙarƙashin shugabanni irin su Sitting Bull da Crazy Horse da Gall. Kwana takwas kafin nan sun riga sun mayar da rundunar Janar Crook baya, Custer bai sani ba. 'Yan leƙen asirinsa na ƙabilun Crow da Arikara sun gaya masa zangon ya fi ƙarfinsu. Shi kuwa tsoronsa ɗaya, kada mutanen su watse kafin ya cim musu.

Da mutum wajen 600, ya raba su: Manjo Reno ya kai hari ta kudu, Benteen ya duba ta hagu, shi kuma ya ɗauki kamfani biyar, kimanin mutum 210, ya bi ta kan tudu. Aka fatattaki Reno, ya haye tudu da kyar, Benteen ya zo ya tsaya tare da shi. Na wajen Custer kuwa ko mutum ɗaya bai tsira ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Jimillar waɗanda suka mutu a ɓangaren soja 268. Cikinsu akwai George da Tom da Boston da Calhoun da Autie Reed, mutum biyar daga gida ɗaya. Margaret ta rasa miji da 'yan'uwa uku da ɗan yayarta a yini guda. Cikin 'ya'yan Emanuel da Maria maza, Nevin kaɗai ya rage, wanda rashin lafiya ta hana shi aikin soja.

Af, batun dogon gashi da takobi: ya yi aski kafin tafiyar, takubban rundunar kuma an baro su a baya cikin akwatuna.

Jirgin ruwan da ya kwaso masu rauni ya iso Bismarck daren 5 ga Yuli. Da sassafe aka ƙwanƙwasa wa Libbie ƙofa. Bayan ta ji nata, sai ta yafa mayafi ta bi hafsoshin gida-gida don sanar da sauran matan, sama da 20, waɗanda suka zama zawarawa a wannan safiya. Tana da shekara 34.

ALƘALAMIN BAZAWARA

Labarin ya isa manyan birane daidai lokacin da Amurka ke bikin cika shekara 100 da samun 'yanci. Nan take aka shiga neman mai laifi. Shugaba Grant ya gaya wa 'yan jarida cewa Custer ne ya jawo asarar rayukan ba gaira ba dalili. Wannan magana ita ce Libbie ta ƙare rayuwarta tana mayar wa martani.

Ga kuma talauci. Mijin ya bar mata bashi, sakamakon cacar hannun jari da ya yi ta yi, fanshon da aka fara ba ta kuwa dala 30 ne a wata. Ta koma Niyok ta kama aikin sakatariya a wata ƙungiyar masu sana'ar hannu. Ta ba marubuci Frederick Whittaker haɗin kai, ya fitar da tarihin Custer tun kafin shekarar ta ƙare, inda ya ɗora laifin a kan Reno da Benteen. Maganar ta kai ga kwamitin bincike na soja a 1879, wanda bai kama Reno da laifi ba, amma sunansa ya riga ya ɓaci.

Sannan ta ɗauki alƙalami da kanta. Boots and Saddles ya fito a 1885, Tenting on the Plains a 1887, Following the Guidon a 1890. Gaskiya ta iya rubutu. Ba ta tsaya gardamar dabarun yaƙi ba, ta san ba fagenta ba ne. Sai ta shigar da mai karatu cikin gida: ga Janar yana wasa da karnukansa, ga shi yana kula da tsofaffin iyayensa, ga shi yana rubutu da dare ita tana zaune kusa da shi. Wanda ya karanta ya ga miji nagari, da wuya ya yarda mutumin nan zai kai mutanensa ga halaka don neman suna. Littattafan suka samu kasuwa, ta shiga yawon lacca gari-gari. Ba ta sake aure ba.

Har mutum-mutuminsa sai da ta sa wa ido. Wanda aka kafa a West Point a 1879 bai yi mata ba, ta yi ta rubuce-rubuce har aka sauke shi a 1884. Wanda ta amince da shi, na Monroe, ita ta buɗe shi a 1910, Shugaba Taft yana wurin.

Hafsoshi da yawa da suka san abin da ya faru sun zaɓi su yi shiru, don a al'adar lokacin ba a jayayya da matar mamaci a bainar jama'a. Wasu sun yi niyyar sai bayan ranta su yi magana. Sai ta binne su kusan duka: Reno ya mutu a 1889, Benteen a 1898. Ita kuwa sai ranar 4 ga Afrilu, 1933 ta rasu a Niyok, saura kwana huɗu ta cika 91. Ta bar dukiya mai kauri, an binne ta kusa da shi a West Point. Duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa taka filin da aka kashe shi ba. Shekara guda tak bayan rasuwarta, a 1934, Frederic Van de Water ya fitar da Glory-Hunter, littafin da ya nuna Custer a matsayin mai farautar suna da jinin wasu.

DAGA LITTAFI ZUWA MAJIGI

Masu fim sun ɗan makara kafin su bi sahu. A 1941 kamfanin Warner ya fitar da They Died with Their Boots On, wanda Raoul Walsh ya ba da umurni, Errol Flynn ya fito a Custer, Olivia de Havilland a Libbie, Anthony Quinn a Crazy Horse. Custer ɗin Libbie ne sak, har da ƙari: an nuna shi yana kare haƙƙin masu ƙasa a kan Black Hills, alhali shi ne ya buɗe ƙofar. Fim ɗin ya fito ana gab da shigar Amurka Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake buƙatar gwarzo.

A 1948 John Ford ya yi Fort Apache, inda Henry Fonda ya fito a wani kanal mai taurin kai da ya hallaka mutanensa, daga baya aka rufa masa asiri don martabar runduna. Ba a ambaci sunan Custer ba, amma kowa ya gane. Zuwa 1970, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, sai Little Big Man na Arthur Penn ya juya hoton gaba ɗaya: Custer ya zama mai girman kai da taɓin hankali, harin Washita kuma aka nuna shi ta idon waɗanda aka kai wa.

Su ma ɗaya ɓangaren suna da matan da suka ga komai, sai dai ba su da maɗaba'a. Wata 'yar Cheyenne mai suna Kate Bighead, wadda ta ga Washita kuma ta ga Little Bighorn, ta ba likita Thomas Marquis labari a tsufanta. Ta ce wasu mata biyu sun gane gawar Custer, suka soka masa basilla a kunnuwa don ya riƙa ji da kyau a lahira, tunda a 1869 ya sha lofen sulhu da sarakunansu, an gargaɗe shi kada ya sake yaƙarsu, bai ji ba.

Nasarar tasu ba ta daɗe ba. A 1877 gwamnati ta ƙwace Black Hills, a shekarar aka kashe Crazy Horse. A Disambar 1890, shekarar da littafin Libbie na uku ya fito, aka kashe Sitting Bull, sannan ita dai Runduna ta 7 ta kashe Lakota maza da mata da yara a Wounded Knee, adadin da ake ƙiyastawa tsakanin 150 da 300. Sai a 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ƙwacen tsaunukan ya saɓa ƙa'ida, ta ce a biya diyyar sama da dala miliyan 100. Lakota suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu suke so. A 1991 majalisa ta cire sunan Custer daga filin yaƙin ta mayar da shi Little Bighorn, a 2003 kuma aka buɗe wurin tunawa da mayaƙan ƙabilun da suka faɗi a can.

Ba za a ce Libbie maƙaryaciya ce ba. Mutumin da ta sani a ɗaki shi ta rubuta, kuma so hana ganin laifi ne. Custer jarumi ne na gaske a Gettysburg, shi ne kuma mutumin Washita, littattafanta da finafinan da suka biyo su rabi ɗaya suka nuna. Marubutanmu da masu shirya finafinanmu da ke sha'awar ɗauko tarihin sarakuna da mayaƙa suna da abin lura a nan: kafin a ɗora kyamara a kan labarin wani gwarzo, a bincika bakin wa aka ji shi, a kuma nemi zuriyar waɗanda aka ci garinsu a ji nasu.